Dajin da ba ya gaggawa

Ni malamin firamare ne a ƙasar Malumfashi, shekarata 47, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Wanda bai san ni a da ba, in muka gaisa yakan saci kallon ɓarin fuskata na dama, sai kuma ya kawar da kai don kada in tsargu. Masu ƙarfin hali su ce, "Malam, hawan jini ne ya taɓa ka?" Tsofaffi kuwa su ce iska ce ta buge ni. Ba ko ɗaya. Ciwon daji ne ya kama maɓuɓɓugar yawuna, wani iri da akasarin mutane ba su taɓa jin labarinsa ba. Mu dai mun san daji da cinye mutum cikin 'yan watanni. Wannan ba haka yake ba. A hankali yake tafiya, kuma da wannan sanɗar yake ruɗin mutum, kafin magani da bayan magani.

Wajen 2018 ne wanzamin da ke gyara mini gemu ya tsaya da aska a hannu ya ce, "Malam, akwai ɗan ƙululu a nan gaban kunnenka." Na shafa na ji shi, ɗan ƙarami, da tauri, ba zafi ba ciwo. Gemu ya rufe shi, ba mai gani. Duk wanda na nuna wa yana da amsa a bakinsa. Wannan ya ce kaluluwa ce, wancan ya ce haƙori ne ke neman ruɓewa. Inna ta ce hangum ne da na yi ina yaro bai gama fita ba. Mai kemis ya ba ni kafso na mako guda, na sha, ƙululu yana nan daram. Tunda bai hana ni cin tuwo ko tsayuwa a gaban allo ba, sai muka zauna da shi.

Kwanci-tashi aka shiga 2020, korona ta rufe makarantu, asibiti ya zama wurin da ba mai son leƙawa sai dole. A tsakanin nan ne na fara jin wani zugi can ciki, ba kullum ba, wanda kan harba zuwa cikin kunne ya sauka muƙamuƙi. In na haɗiyi farasitamol sai ya lafa. Ƙululun ya ƙaru, amma ƙaruwar da sai ka tuna yadda yake bara kafin ka yarda.

Abin da ya tayar mana da hankali a damunar 2021 ya zo. Ina alwalar azahar, na guntsi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Na sake guntsa, ya sake zubowa. Da dare maiɗakina ta tashe ni ta ce, "Malam, barci kake yi amma idonka ɗaya a buɗe yake." Da safe na tafi babban asibitin da ke kusa da mu, Allah ya haɗa ni da wani tsohon ɗalibina da ke aiki a sashen haƙori. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yana aji uku, sannan ya sa safar hannu ya lalubi wurin. Ya ce in ɗaga gira, in runtse ido, in hura kumatu, in yi murmushi. Duk wanda na yi, sai ɓarin hagu ya amsa, na dama ya yi nauyi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, don Allah kada a bari kowa ya taɓa wurin nan da aska ko allura. Ƙululun gaban kunne in ya fara taɓa motsin fuska, ba abin ajiyewa ba ne." A take ya nemo mini takardar tura ni asibitin koyarwa.

A sashen kunne da hanci da maƙogwaro aka karɓe ni. Likitan, mutum mai haƙuri, ya jawo takarda ya zana mini fuska. A ranar na san cewa yawun da muke tofarwa ba tare da tunani ba yana da manyan maɓuɓɓugai guda shida, uku a kowane ɓari: babbar tana gaban kunne, ita ake kira farotid, ita ce kuma hangum ke kumburawa; ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi; ta uku a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana warwatse a ganɗa da leɓɓa da cikin kumatu. Dukkansu tare suna zubo yawun da kan kai lita ɗaya ko fiye a yini. Ya ce a cikin ƙarin da ke fitowa a farotid, wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ba daji ba ne, tsiro ne kawai da ake cirewa a huta. Na fara sakin numfashi, sai ya ɗora yatsa a kan wani layi da ya ja ta tsakiyar zanen. Jijiyar da ke motsa fuska, in ji shi, ta cikin farotid take ratsawa, a nan take rabuwa rassa biyar, zuwa goshi da ido da kunci da leɓe da wuya. Tsiron da ba daji ba yakan ture jijiyar gefe ne kawai, da wuya ya shanye ta. In fuska ta fara sauka, ko ciwo ya ƙi tafiya, ko ƙululun ya manne ba ya motsi, to dole a yi zargin daji. Dukkan ukun ina da su.

Aka fara da hoton da ake shafa wa mutum man nan mai sanyi, irin na masu juna biyu. Daga nan aka soka siririyar allura cikin ƙululun aka zuƙo ɗan abin da ke ciki aka shafa a gilashi. Sakamakon bai yanke hukunci ba. Likitan ya ce hakan na faruwa, domin nau'o'in dajin maɓuɓɓugar yawu sun haura 20, kuma wasunsu suna kama da tsiro mara illa in ƙwayoyi kaɗan aka gani. Sai aka sake da allura mai ɗan kauri wadda ke gutsuro tsoka. Aka yi hoton MRI na kai da wuya, wanda ke nuna ko ciwon ya bi jijiya zuwa gindin ƙoƙon kai, aka kuma yi hoton CT na ƙirji. Na tambaya me ya haɗa kunci da ƙirji. Ya ce, "Malam, bari sakamako ya fito, zan gaya maka."

Da ya fito, sunan da aka rubuta shi ne adinoyid sistik kasinoma, likitoci na taƙaita shi da ACC. Mutum uku zuwa huɗu cikin miliyan ke kamuwa da shi a shekara. A Amurka, duk yawansu, sababbin masu shi ba su wuce wajen 1,200 a shekara ba. Likitoci a Turai sun siffanta shi tun shekarun 1850, amma har yau ba a danganta shi da taba ko giya kamar sauran dajin baki da maƙogwaro ba, kuma ba gado ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Wannan ya kwantar mini da hankali kan yara, domin tun a mota nake tunanin ko kofin shan ruwa za a raba mana. A 2009 masu bincike suka gano cewa a da yawa daga cikin masu shi wasu ƙwayoyin halitta biyu, MYB da NFIB, kan haɗe a cikin tsokar wurin, ba da laifin kowa ba. Halinsa guda biyu ne suka bambanta shi. Na farko, yana bin jijiya yana tafiya a ɓoye, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki alhali ana ganin rufin ɗaki lafiya lau. Na biyu, bai cika sauka a kaluluwar wuya ba, ta jini yake bi ya tafi huhu, wani lokaci bayan shekara 10 ko 15. Dalilin hoton ƙirji ke nan. Nawa huhun a lokacin fes yake.

Maganin, in ji likita, tiyata ce, sannan gashi, wato haska wurin da injin da ke kashe ƙwayoyin daji. Na koma gida da wannan magana, kuma a nan ne aka yi yaƙin da ya fi na asibiti wahala.

Duk Bahaushe ya san maganar nan: daji ba ya son ƙarfe. Kawu ya zo tun daga Ƙafur, ya zauna a zaure ya lissafo mini mutane uku da aka yi wa aiki suka rasu kafin shekara ta zagayo. Ya ce yana da mai magani a wani ƙauye da ke ɗaura ganye, ƙululu ya nuna, a yi masa sakiya ya tsiyaye. Inna, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta tsaya bayan labule ta ce, "A gaya wa yaron nan kada ya kai kansa a yanka masa fuska." Ban iya musu da su ba, don mutane ukun nan ni ma na san biyu. Na koma wurin likita na faɗa masa abin da ake cewa, ina tsammanin zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce maganar tana da asali. In aka tsaga ƙari irin wannan aka bar rabinsa, ko aka yi masa sakiya, ƙwayoyinsa na watsuwa cikin tsokar da ke kewaye, ya dawo da ƙarfi ta wurare da yawa. Shi ya sa su kansu ba sa yankar farotid don ɗiban samfur, allura suke sawa, kuma in za su cire, gaba ɗaya suke ɗaukewa haɗe da lafiyayyar tsokar da ke zagaye da shi. Sannan ya tambaye ni, mutanen nan uku, shekara nawa suka yi da ciwon kafin a kawo su?

Tambayar nan ta zauna mini. A ganina, iyayenmu sun lura da abu na gaskiya suka yi masa fassarar da ba daidai ba. Sun ga an taɓa daji da aska ya haukace, sun ga an kai mutum asibiti bayan ciwo ya gama cin jikinsa an yi aiki ya mutu, sai suka ɗora laifin a kan ƙarfe. Abin mamakin shi ne sakiyar da Kawu ke so a yi mini, ita ce ainihin taɓawar da daji ba ya so. Na yi istihara, na sha rubutun da liman ya aiko, na roƙi Inna ta sa mini albarka ko da zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta ce, "Allah ya fid da kai." A watan Nuwamba 2021 aka kwantar da ni.

Daren da za a yi aikin, likitan ya zo bakin gado da takardar sa hannu. Ya ce in suka tarar da jijiyar fuska lafiya za su zare ta a hankali su bar ta, amma yadda fuskar ta riga ta sauka, yana kyautata zaton ciwon ya naɗe ta, kuma in haka ne dole su yanke sashen da ya kamu. Ya ce za su ɗauko wata jijiya daga bayan ƙafata, kusa da idon sawu, su yi wa ta fuska gada da ita. Na ce ƙafar fa? Ya ce gefen tafin zai yi dindiris, amma tafiya ba za ta canza ba. Haka kuwa aka yi. Sun tsaga daga gaban kunne, suka kewaye fatar kunnen ta ƙasa, suka gangaro wuya. Sun ɗauke farotid ɗin duka, da sashen jijiyar, da kaluluwar saman wuya don a duba.

Na farfaɗo da wata roba tana fitar da jini-jini daga wuyana zuwa cikin gora. Ban nemi madubi ba sai da aka cire ta. Da na duba, goshin dama ya yi sumul babu ko layi ɗaya, girar ta faɗo, idon ya tsaya a buɗe yana hawaye, gefen baki ya zube, gaban kunne ya lotsa inda aka kwashe tsoka. Na shafa fatar kunnena na ji kamar ta wani ce, kuma har yau haka take. Maiɗakina tana tsaye, ta karɓe madubin ta ce, "Malam, da ranka fa." Ba ta ƙara komai ba, ta miƙo mini kunu da cokali.

Idon ne ya fi ba da wahala a makonnin farko. Idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa, in ya bushe sai ya yi gyambo, mutum na iya rasa shi. Ana ɗiga magani da rana, da dare a sa mai kauri a manne fatar idon da filasta. Likitan ido ya ce a wasu wurare ana dasa ɗan gutsuren zinariya mai nauyin wajen giram ɗaya a fatar ido ta sama, nauyin ya riƙa jawo ta ƙasa. Na kai wa liman maganar, don namiji da zinariya sai an yi tambaya. Ya kawo mini hadisin sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Fatawa ta samu, zinariyar ce ba ta samu ba. Ɗinki aka yi mini a gefen idon aka rage faɗinsa, kuma ya yi aiki.

Sakamakon tsokar da aka cire ya tabbatar da ACC. Wannan daji fuska uku gare shi in aka duba a madubin ƙara girma: mai kamar bututu, mai huji-huji, da curarre. Curarren ya fi muni. Nawa mai huji-huji ne. Kaluluwar wuya babu komai, amma an ga ciwon ya bi jijiya, kuma a wani gefe ya zo dab da inda wuƙa ta tsaya. Don haka gashi ya zama dole, kuma ana so a fara cikin mako shida bayan aiki.

Nan ma wani babi ne. Injinan gashi da ke aiki a Najeriya a lokacin ba su taka kara sun karya ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A lokacin ɗan arewa maso yamma yakan nufi Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, mai hali ya wuce Legas. Akwai asusun tallafin masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, amma da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara, waɗanda suka fi yawa. Mai ciwon da ba a cika gani ba, aljihunsa da na danginsa ne asusunsa. Na sayar da fulotin da nake tanadin ginawa, malaman makarantarmu suka yi karo-karo, Kawu da kansa ya sayar da bijimi ya aiko da kuɗin ba tare da ya ce uffan ba.

Kafin a fara sai da likitan haƙori ya duba bakina ya cire turame biyu da suka fara lalacewa. Dalili kuwa, ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da kyau, in aka cire haƙori daga baya ramin na iya ƙin rufewa har ƙashi ya mutu. Sannan aka yi mini abin rufe fuska. Wata roba ce mai raga-raga, a tsoma ta a ruwan ɗumi ta yi laushi, a shimfiɗa maka a fuska kana kwance, a danna ta bi hanci da haɓa, cikin 'yan mintoci ta sandare da siffarka. Kullum da ita ake ɗaure kanka a jikin gado don kada ka motsa ko kaɗan. Ranar farko da na ji an ƙulle ta, kowa ya fita, ƙofa mai nauyi ta rufe, zuciyata ta riƙa bugawa har ina jin ta a kunne. Ba damar motsa leɓe, sai na riƙa karanta Ƙulhuwallahu a zuci ina lissafawa da yatsu. Injin ya kewaya yana ƙara, ba zafi, ba wuta, ba abin da ake ji. Masu jin an ce gashi suna zaton ƙona mutum ake yi da garwashi. Haske ne da ido ba ya gani. Ƙa'idar irin wannan ciwo zama 30 zuwa 33 ne, Litinin zuwa Juma'a, mako shida da ɗoriya.

Mako biyun farko na ce ashe abin da sauƙi. A na uku baki ya fara. Yawu ya yi kauri yana danƙo, cikin kunci ya saɓule, harshe ya daina bambance gishiri da sukari. Shayi da ruwan pampo duk ɗaya, nama kuwa sai ka ce tsumma kake tauna. Yaji ko ƙanƙani ya zama azaba. Ga hunturu, iska busasshiya tana shiga idon da ba ya rufuwa da bakin da ba yawu. Wata safiya na shafa fuska sai gemun dama ya biyo hannuna, kuma bai sake tsirowa ba. Ƙanwata da ke jinyata a ɗakin da muka kama haya ta gano abin da ke wucewa: kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa da ya huce, fura da nono an dama ta salala, ƙwai, da tuwo mai laushi a nutse cikin miyar kuɓewa ko karkashi ba tattasai. Miyar yauƙi ita ta riƙe ni, don tana yin aikin da yawu ya bari. Ana so kuma kada majinyaci ya rame sosai, don in fuska ta zube abin rufewar ba zai kama daidai ba. Nas ta koya mini kurkure baki da ruwan gishiri da bakin soda (hodar da ake sa wa fulawa ta tashi) sau da yawa a yini, da buɗe baki da ƙarfi ana tura yatsu tsakanin haƙora don kada muƙamuƙi ya ƙage. A tsakiyar zangon injin ya tsaya na wasu kwanaki. Muka zauna a benci muna kallon juna, mu da muka san cewa kowane tsaiko dama ce ga ciwo. Da aka gyara, suka ƙara mana zama a ranar Asabar don a cike giɓin.

A wannan bencin na haɗu da wani dattijo daga Gusau, shi ma dajin farotid ne, wuri ɗaya da nawa, tsaga iri ɗaya. Amma sunan nasa daban, mai saurin tafiya ne, irin da ke fitowa daga bututun yawu. An aika tsokarsa gwaji na musamman, aka ce tana amsa maganin da ke toshe sinadarin maza, irin wanda ake ba masu dajin mafitsarar maza. Wasu masu irin nasa kuma maganin dajin mama ake ba su, tirastuzumab. Akwai ma wani nau'in da sai a 2010 aka ware shi da sunansa, kuma a 2018 Amurka ta amince da ƙwayar da ke yi masa aiki. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda aka yi wa aiki a wurin nan: kada ya yarda a ce "an cire, daji ne" a tsaya nan. Ya karɓi takardar gwajin tsokar, ya san sunan, ya adana ta inda yake adana takardar gona. Magani a kan sunan yake tafiya.

Azumin 2022 ya kama a Afrilu, tsakiyar bazara, ina 'yan makonni da gama gashi. Ban iya minti ashirin ba tare da na jiƙa baki ba. Likita ya hana, malamai suka ce mara lafiya ya sha ya rama in ya samu sauƙi. Duk da haka na ji nauyin abin, babba da ni ina ɓuya a ɗaki ina kurɓar ruwa, yarana ƙanana suna azumi. Na rama a lokacin sanyi, da kaɗan-kaɗan. A shekarun da suka biyo ina yi, don farotid ɗin hagu tana aiki duk da gashin ya ɗan taɓa ta, amma ina yawaita kurkure baki in tofar, kuma na daina fita rana. Goro na bar shi, don ba ya haɗiyuwa. Haƙora kuwa sai an tsaya musu, domin yawu ne ke kare su daga ruɓewa: asuwaki bayan kowane abinci, man goge baki mai fuloraid safe da dare.

Komawa aji ta ba ni tsoro fiye da tiyata. Leɓen da ba ya matsewa ba ya fitar da "ba" da "ma" da "fa" yadda ya kamata, iska sai ta sulale ta gefe. Na koyi tallafe kuncin dama da yatsa biyu in ina magana, sai harafin ya fito. Yara suka yi kallo na kwana biyu, wani ya tambaya ko aljani ne ya mare ni, na zana musu fuska a allo kamar yadda likita ya zana mini, daga nan aka wuce wurin. Limancin masallacin unguwa da nake taɓawa in liman ya yi tafiya, shi na ajiye, don ban gamsu da Fatihata a bayyane ba. An ce mini jijiyar da aka dasa tana tsiro ne wajen milimita ɗaya a yini, in yi haƙuri. Bayan kusan shekara, ina aske ɓarin hagu a gaban madubi, na ga gefen bakin dama ya ɗan motsa. Yanzu ina rufe ido in na matsa, bakin ya daidaita in ina shiru. Goshin bai dawo ba.

Daga nan ne yaudara ta biyu ta fara. Jiki ya murmure, na yi ƙiba, ɗanɗano ya dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba. Jama'a suka fara cewa, "Malam, ai ka warke, me kuma kake nema a asibiti? Kuɗin mota da na hoto ka sa a gona mana." Har masu ilimi suna gaya mini cewa in mai daji ya cika shekara biyar shi ke nan ya tsira. Ga wasu nau'o'in akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Ga ACC babu. Mafi yawan masu shi suna haye shekara 5 lafiya, amma in aka kai shekara 15, waɗanda suka rage ba su kai rabi ba, kuma fiye da ɗaya cikin uku ciwon kan ɓulla musu a wani wuri, galibi huhu. Likitana ya faɗa mini tun farko cewa ni da shi sai mutuwa ko ritaya. Da fari duk wata uku ake duba ni, daga baya duk wata shida, hoton ƙirji kuma duk shekara.

A ƙarshen 2024 hoton ya nuna ɗigo biyu a huhun hagu, kowanne bai kai santimita ɗaya ba. Ba tari, ba haki, ranar ma daga gona na wuce tasha. Na zaci za a ce a fara kimo gobe, wato maganin daji mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya. Likitan ya ce a'a. Kimo ba ta cika yi wa wannan daji wani abin kirki ba, wahalarta ta fi amfaninta ga wanda ba ya jin komai. Ɗigon ACC a huhu kan yi shekaru yana rarrafe, mutum yana harkokinsa. Abin da ake yi shi ne a sa masa ido. In ɗaya ya girma shi kaɗai, ana iya cire shi ko a gasa shi. In suka yawaita suna sauri, akwai ƙwayoyi irin su lenbatinib da kan tsayar da su na wani lokaci, ba sa kashe su, ga tsada, ga hawan jini da kasala da suke jawowa.

Na gaya wa maiɗakina a daren. Inna ban gaya mata ba, Kawu kuma na san abin da zai ce game da ƙarfe. An sake hoton bayan wata shida, ɗaya ya ƙaru da milimita biyu, ɗayan yana yadda yake. Yanzu duk wata shida ake yi maimakon shekara, don haka na shiga adashin malamai, na roƙi a riƙa ba ni kwasata a watan da hoton ke zagayowa. Shugaban makaranta ya mayar da ni aji shida, inda yara suka fi natsuwa kuma ba sai na ɗaga murya ba, kuma bana ni ke shirya su jarrabawar shiga sakandare.